Ruwan lagireto yana raguwa, ƙarƙashin mota kuma a bushe: ina yake tafiya?

Mota ta haura kilomita 250,000. Mai ita yana ƙara rabin lita ko lita guda a lagireto duk bayan sati biyu, amma in ya leƙa ƙarƙashinta da safe ba ya ganin ko ɗigo. In ya je gareji, amsa biyu aka fi saurin ba shi: ko a ce zafin gari ne ya sa mota take shan ruwa, ko a ce gasket ɗin da ke tsakanin bulo (gangar injin) da kan inji ya ƙone, sai an sauke tof silinda, wato kan injin. Ta farko ba ta da tushe ko kaɗan. Ta biyu tana iya zama gaskiya, sai dai sau da yawa ana yanke hukuncinta tun ba a yi awo ko ɗaya ba, a kashe kuɗi masu yawa, bayan wata guda ruwan ya ci gaba da raguwa yadda ya saba.

Inji ba ya shan ruwa yadda yake shan fetur. Hanyar ruwan a rufe take: daga famfon ruwa zuwa cikin bulo da kan inji, ta tamostat, bawul ɗin da ke buɗewa in ruwa ya yi zafi, zuwa lagireto, sannan ya dawo. Lafiyayyar mota tana iya yin shekara ba a ƙara mata abin da ya wuce kofi guda ba. To idan ana ƙarawa a kai a kai, ruwan yana fita ne ta ɗaya daga cikin ƙofofi uku: ko ya fita waje, ko ya shiga silinda ya fice ta salansa a matsayin tururi, ko ya gauraya da mai, baƙin mai ko man giya. Aikin mai bincike shi ne ya gano wace ƙofa ce, kuma ya fara da mai arha kafin mai tsada.

Me ya sa ba a ganin ɗigon

Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Inji kuwa yana aiki ne tsakanin digiri 85 zuwa 105, wasu wurare a jikin kan inji ma sun fi haka zafi. Abin da ke hana ruwan tafasa shi ne matsi, kuma murfin lagireto ne ke riƙe wannan matsi. A saman murfin yawancin motocin Japan za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato matsi a ma'aunin da ake kira "ba" (bar): ba 0.9 ko ba 1.1. Da wannan matsi ruwa zalla ba zai tafasa ba sai ya kai kusan digiri 120, kulant kuwa, wato ruwan sinadarin da ake zubawa a lagireto, in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa, sai ya haura 125. Motocin Turai da dama, waɗanda murfinsu ke kan tankin roba maimakon kan lagireto, suna riƙe ba 1.4 ko fiye.

Wannan matsin shi ne ke ɓoye yoyo. Tsaga mai siririn gashi a jikin roba ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi matsi ya hau. A lokacin motar tana kan titi, ruwan yana fita kamar feshin turare, ya sauka kan ƙarfe mai zafi ya bushe nan take. Matsin ma ya fi hauhawa minti biyar zuwa goma bayan an kashe mota, domin famfo ya tsaya, fanka ta tsaya, zafin da ke cikin ƙarfe kuma yana ci gaba da shiga ruwan. Kafin gari ya waye komai ya huce, tsagar ta rufe bakinta. Shi ya sa mai neman yoyo ba ɗigo yake nema ba, sawu yake nema: farin tabo busasshe kamar kanwa, ko ruwan hoda, ko kore, gwargwadon launin kulant ɗin. In ruwan rijiya ake zubawa, sawun jan tsatsa ne.

Kafin a taɓa sifana, a auna yawan asarar. Da safe, inji a sanyaye, mota a wuri mai daidai, a ja layi da maka a jikin jarkar ajiya, wato 'yar jarkar roba da ke haɗe da lagireto, daidai inda ruwan ya tsaya, a buɗe murfin lagireto a tabbata ruwa ya kai wuya, a rubuta kilomita. Duk abin da za a ƙara daga baya a auna shi da gora mai lamba. Dole awon ya kasance da sanyin inji ko yaushe, saboda lita shida na ruwa tana kumbura da kusan kwata lita in ta yi zafi, wanda ya duba yau da zafi gobe da sanyi zai ɗauka ruwa ya ɓata alhali bai je ko'ina ba. A kuma lura da lokacin da asarar ta fi yawa. In a doguwar tafiya da gudu ko hawan tudu ne, hankali ya karkata ga gasket ko murfi. In a cunkoson cikin gari ne da na'urar sanyaya mota a kunne, a fara da fanka. Motar da aka canza wa ruwa kwanan nan ita ma takan sauke ruwa kaɗan cikin kwana biyu ko uku na farko yayin da iskar da ta maƙale ke fita, wannan ba yoyo ba ne.

Ba a buɗe murfin lagireto da zafi. Ruwan da ke digiri 110 ƙarƙashin matsi yana juyewa tururi da zarar an saki murfin, ya yi tsartuwa ya saɓule fatar hannu da fuska.

Murfi, da ɗan tiyon da ba wanda ke kallo

Murfin yana da bawul biyu. Babban, mai sifirin, yana buɗewa in matsi ya wuce lambar da ke rubuce, ya bar ruwa ya gangara jarkar ajiya. Ƙaramin, wanda ke tsakiya, yana buɗewa in inji ya huce, ya zuƙo ruwan ya dawo lagireto. In sifirin ya saki ko robar ta tsage, murfin zai riƙa saki a ba 0.4 ko 0.5, ruwa ya riƙa tafasa a wuraren da suka fi zafi, jarka ta cika ta yi ambaliya a kan hanya ba wanda ya gani. In ƙaramin bawul ne ya maƙale, za ka tarar da babban tiyon sama ya lotse kamar an taka shi bayan mota ta kwana.

Akwai alama guda da take ruɗin mutane sosai: jarkar ajiya a cike, lagireto kuma da saura. Mai mota yana duba jarka kullum yana ganin lafiya lau, har ranar da allura ta haura. Dalili shi ne siririn tiyon da ya haɗa wuyan lagireto da jarka ya tsage ko ya yi sako-sako. Ruwa yana iya fita ta cikinsa, amma wajen dawowa iska ake zuƙowa, kamar mai shan lemo da tsinken da ya huje. Tiyon nan da murfin gaba ɗaya kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, don haka a tsohuwar mota su ne farkon abin canzawa. Sai dai a sayi murfi mai lamba daidai da na asali. Ɗora murfin 1.3 kan tsohon lagireton da aka yi wa 0.9 yana iya fasa shi.

Game da allurar zafi, kada a dogara da ita kaɗai. Na'urar da ke auna zafin tana bukatar ta nutse cikin ruwa. In ruwa ya yi ƙasa har ta koma cikin iska, allura tana iya tsayawa a tsakiya ko ma ta sauka alhali kan inji yana gasuwa.

Gwajin matsi

Wannan shi ne gwajin da ya fi kowanne amfani, kuma abin takaici ne a ce gareji da yawa ba su da kayansa duk da ba tsada gare shi ba. Famfon hannu ne mai geji, ana ɗaura shi a madadin murfi da inji a sanyaye, a buga har zuwa lambar da ke kan murfin, kada a wuce. A bar shi minti 15 zuwa 20. In allurar gejin ta tsaya cak, babu yoyo a wannan yanayin. In tana sauka, a ɗauki tocila da ƙaramin madubi a bi hanya. Amfanin yin sa da sanyi shi ne ruwan ba ya bushewa, sai ka ga ɗigon da idonka. Da wannan famfon ake gwada murfin kansa. Sannan a maimaita gwajin da inji mai ɗumi, tunda wata tsagar sai ƙarfe ya buɗa take bayyana.

Inda za a fi tsananta dubawa a tsohuwar mota shi ne lagireto mai kan roba. Baƙar robar in ta tsufa takan koma ruwan ƙasa, ta yi gautsi, ta tsage kusa da wuya ko gaban inda babban tiyo ke shigowa da ruwa mafi zafi. Haka kuma layin da aka matse roba da alminiyam, akwai robar da ke tsakaninsu wadda take bushewa ta fara naso. Liƙa gam a wannan wurin ba ya ɗorewa. Sai bakin kowane tiyo, musamman ƙarƙashin kilif inda ƙarfe ya ci roba, da bututun ƙarfen da tsatsa ta ci a ƙarƙashin tiyon. Sai famfon ruwa: a ƙasansa akwai ɗan rami da aka bari da gangan, in sil ɗin ciki ya mutu ta nan ruwa ke tsattsafowa. Ɗan busasshen tabo a bakin ramin ba laifi ba ne, amma layi mai danshi da ya gangara ƙasa, ko fuli mai girgiza in an kama shi da hannu, alama ce famfon ya gama aiki. A injin da tayimin bel ke juya famfon, yoyon yana ɓoye bayan murfin bel, sai an cire murfin ake gani.

Gidan tamostat, da mahaɗar roba da ke gefen kan inji a Golf da danginta, su ma suna tsagewa. A jikin bulo akwai wasu faifan ƙarfe masu kama da kwabo da aka toshe ramuka da su. Ruwan rijiya yana cin su daga ciki har su huje kamar an soka allura, wasu kuma suna bayan inji, tsakaninsa da giya, ruwan sai ya riƙa fitowa ta ƙasan gidan kuloc a ɗauka wani abu ne daban. A injin Toyota mai silinda shida irin 1MZ, akwai tiyo a kwarin da ke tsakanin kawuna biyu, ƙarƙashin manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa silinda. Ruwa yakan taru a wannan kwarin ya ƙafe ba tare da ya taɓa ƙasa ba. Motoci irin Sienna masu hita a baya suna da dogayen bututu a ƙarƙashin mota, kuma wadda ta fito daga yankin dusar ƙanƙara a Amurka ko Kanada, inda ake watsa gishiri a titi, takan iso da bututun nan a ciye.

Hita wuri ne da ake mantawa da shi, don a ƙasa mai zafi kusan ba a kunna ta. Amma ɗan ƙaramin lagireto ne a cikin dashbod, kuma a motoci da yawa ruwa yana zagayawa cikinsa ko an kunna ko ba a kunna ba. A ɗaga kafet ɗin gaba a taɓa soson da ke ƙasa, domin soson yana iya shanye lita guda saman kafet yana bushe. Ruwan na'urar sanyaya mota fari ne tas ba wari. Kulant yana da santsi a yatsa, da wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, kuma yana barin hazo mai maiƙo a cikin gilashin gaba. A shinshina, kada a ɗanɗana: sinadarin da ke cikinsa guba ne mai kashe ƙoda, zaƙinsa kuma yana jan yara da dabbobi, don haka wanda ya zube a wanke shi nan take.

In duk wannan bai nuna komai ba, akwai rini na musamman da ake zubawa cikin ruwan, a yi kwana biyu ko uku ana tuƙi, sannan a haska da fitilarsa mai shuɗin haske da dare. Inda ruwa ya taɓa fita ko ya bushe sai ya yi ƙyalli.

Sai ciki

Geji yana sauka, waje a bushe, kafet a bushe: yanzu ne maganar gasket ta zo. Mutane da yawa suna jiran su ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara kafin su yarda, amma gasket yana da fuskokin lalacewa daban-daban. In ya ɓalle tsakanin silinda da hanyar ruwa, man zai kasance tsaf. Shi kuma ɗan farin kumfa a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai ba hujja ba ce, raɓa ce ke haddasa shi a motar da ba ta yin tafiya mai nisa, musamman da sanyin hunturu. Hujja ita ce sandar awon mai ta nuna mai yana ƙaruwa da kansa, ko a sassauta notin juye mai bayan mota ta kwana a ga ruwa ya riga mai fitowa, tunda ruwa ya fi mai nauyi.

Matsin da ke cikin silinda lokacin ƙonewa ya ninka na ruwa sau da yawa, saboda haka in inji na aiki hayaƙi ne ke kutsawa cikin ruwa. In an kashe, matsin ruwa ya rinjaya, ruwa ya riƙa tsiyaya cikin silinda. Daga nan alamomin suke fitowa. Tiyon sama ya yi tauri kamar taya cikin minti ɗaya ko biyu da tayar da inji mai sanyi, tun ruwa bai ɗumama ba. Kumfa tana tasowa a wuyan lagireto ba ƙaƙƙautawa. Da safe mota ta tashi tana rawa na daƙiƙa goma ko ashirin sannan ta daidaita, kwamfuta ta nuna lambar P0301 zuwa P0304, lambar ƙarshe tana faɗin silindar da abin ya shafa. In an kwance fulogi a jera su, uku da ɗan toka-toka, ɗaya fes kamar sabo, to tururi ne ya wanke shi. Farin hayaƙi a salansa na 'yan mintuna da safe ba komai ba ne. Wanda ya ci gaba bayan inji ya yi zafi, mai kauri da ƙamshin zaƙi, shi ne abin tsoro.

Akwai gwaji mai sauƙi ga wanda ba shi da kayan aiki. Da inji a sanyaye, a ɗaure safar hannu ta roba a wuyan lagireto, a toshe ɗan tiyon jarka, a cire fis ɗin famfon fetur don kada mota ta tashi, a yi ta buga sitata na daƙiƙa goma. In safar tana kumbura tana harbawa, iskar silinda ce ke shiga ruwa. Wanda ya fi wannan inganci shi ne gwajin shuɗin ruwa. Ana rage ruwan lagireto kamar santimita biyar, a ɗora kwalbar gwajin a wuya, inji yana aiki da zafinsa, a riƙa zuƙo iskar ta ratsa cikin shuɗin ruwan na minti biyu. In akwai hayaƙi, sai ya koma rawaya a motar fetur, kore a ta dizal. Kada a bari kulant ya fantsama cikin kwalbar, yana ɓata sakamakon. Kuma rashin canza launi bai wanke gasket ba, don wani yoyon ba ya buɗewa sai mota tana jan nauyi. A fita da ita a matsa mata a hawan tudu, a dawo a sake.

Gwajin da ke yanke gardama shi ne a cire fulogi duka, a bar famfon matsi a ɗaure har kwana, da safe a zura ƙaramar kyamara ta ramin fulogi. Ɗigo a kan fistin ko a gefen silinda ya gama magana. Ko kuma a kai fistin ƙololuwa, bawul duka a rufe, a tura iska kamar ba 6 ta ramin fulogi, a kalli wuyan lagireto. Silindar da ta tayar da kumfa ita ce. Gwajin kwamfureshan kaɗai yana iya fitowa lafiya alhali ƙaramin yoyo yana nan.

Kafin a ɗora wa gasket laifi, akwai wasu ƙofofin cikin da ya kamata a rufe. A mota mai giyar otomatik, man giya yana ratsawa ta wani bututu a cikin lagireto don ya huce. In bututun ya huje, man giya ya koma ruwan hoda mai kauri, kuma giyar ba ta daɗewa bayan haka in ba a yi gaggawa ba. Injin da ke da na'urar sanyaya baƙin mai shi ma yana iya haɗa mai da ruwa ta nan. A motocin dizal na zamani akwai na'urar da ke sanyaya hayaƙin da ake mayarwa inji, in ta tsage alamominta kusan iri ɗaya ne da na gasket.

Wasu injuna an san su da nasu ciwon. Injin Toyota 2AZ mai lita 2.4, wanda ke cikin Camry ta 2002 zuwa 2006 da ake kira Big Daddy, zaren da notin kan inji ke kamawa a cikin bulon alminiyam yakan cinye, galibi na baya ta ɓangaren manifol. Ruwan yana fita ta bayan inji, wani soso da ke wurin ya shanye shi. Duk wanda ya canza gasket a wannan injin bai dasa sabon zaren ƙarfe a ramukan ba, aikin zai dawo. Honda Civic mai lita 1.8 ta 2006 zuwa farkon 2009 kuwa bulon kansa ne yakan tsage, har kamfanin ya tsawaita garantinsa zuwa shekara goma a Amurka. A nan babu gasket ɗin da zai yi magani.

In an tabbatar gasket ne

Gasket ba kasafai yake ƙonewa haka kawai ba. Yawanci wani abu ne ya sa inji ya yi zafi tukuna: murfi, fanka, toshewar lagireto, ko ɗan yoyon da aka yi wata shida ana ƙara masa ruwa. In ba a gano wannan ba, sabon ma zai bi sahun tsohon. Da an sauke kan inji a ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye, a kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa. A injunan Toyota da yawa, lanƙwasar da ta wuce milimita 0.05 ta fita daga ƙa'ida. A auna fuskar bulo ma, a kuma gwada kan ko ya tsage tsakanin bawul. Notin a ɗaure su da sifana mai awo, bisa jerin da littafin motar ya tsara, daga tsakiya zuwa waje. A canza baƙin mai da filta, don kulant yana cin metal ɗin karanshaf. Ci gaba da tuƙi kafin gyara kuwa caca ce: in ruwa ya taru a silinda cikin dare, ba ya matsuwa kamar iska, bugun sitata ɗaya ya isa ya lanƙwasa konrod, sandar da ta haɗa fistin da karanshaf.

Garin toshe yoyo da ake sayarwa, da ƙwai ko barkono da wasu ke zubawa, suna iya kai mutum gari in ya maƙale a daji. Amma ba su san bambancin rami da siraran bututun lagireto da hita ba, duka suke toshewa. Haka al'adar cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye: tana ɓoye alamar zafi, ba ta rufe yoyo, kuma inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan fetur da saurin cinyewa. Ruwan rijiya da na burtsatse su ne suka fi kashe tsofaffin motoci a ɓoye, domin ba su da sinadarin hana tsatsa, gishirin da ke cikinsu kuma yana daskarewa a bututu. Kulant ba don ƙasar sanyi kaɗai aka yi shi ba. Koren nan na da ana canza shi duk shekara biyu ko kilomita 40,000. Na Toyota mai ruwan hoda yana kai kilomita 160,000 a zubin farko, sannan duk 80,000. In kulant mai kauri aka saya, a haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa, kuma kada a gauraya iri biyu.

Bayan kowane gyara a fitar da iska: gaban mota ya ɗan ɗaga, hita a kan zafi na ƙarshe, murfi a buɗe, inji yana aiki a hankali har tamostat ya buɗe tiyon ƙasa ya ɗauki zafi, fanka ta tashi ta tsaya sau biyu. A rufe, a bari ya huce, a cika, a sake jan layi a jikin jarka. A duba safiya uku a jere, sannan a kilomita 500, sannan a 1,000. In ruwan ya sauka daga layin bayan safiya ta uku, akwai yoyo na biyu, wanda a da bai samu matsin da zai bayyana ba sai yanzu da aka toshe na farko, kuma sai a sake ɗaura famfon gwaji.